Gashin Bakin Mai Layi

Duk wanda ya ce maka aski ba ya koya wa mutum haƙuri, to bai taɓa yi wa Mai Layi aski ba. Shekara ashirin da biyu yana zama a kujerata, kuma a duk shekarun nan almakashina bai taɓa samun izinin taɓa gashin bakinsa ba. Gashin baki ne na gani na faɗa, baƙi wuluk, ya murɗe ta dama ya murɗe ta hagu, in zai sha shayi ma sai ya ɗage shi da yatsa. Da reza ta matso kusa sai ya daka mini tsawa.

"Kai Mai Aski, tsaya a layinka!"

Shi komai layi ne. Aikinsa ke nan, fentin titi. Shi ke ja farin layin tsakiyar kwalta da rawayan da ke gefe, da kibiyoyin da ke nuna wa direbobi inda za su bi. Aikin ya iya shi, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Bakin ne matsalar. In ka ce ka ga mota mai gudu, ya ce layinsa ne ya miƙar da ita. In ka ce likita ya ceci wani, ya ce da bai ja layin hanyar asibiti ba, da ina za a kai shi?

Wata Asabar yana kan kujera, na lulluɓe shi da ƙyalle, Mai Walda na shagon gefe yana jiran layi, sai ga Malamar Zane ta yi sallama. Dattijuwa ce da ta yi ritaya daga koyarwa, yanzu tana taimakawa a ɗakin karatu na unguwarmu. Ta roƙi in bar ta ta liƙa sanarwa a bango. Wai nan da mako biyu za a yi baje koli, kowa a unguwa ya zana kansa ya kawo.

Mai Walda ya ce, "Malama, ga waya kowa na ɗaukar hoto, mene ne na wahala?"

Ta yi murmushi ta ce, "Waya fuska take nunawa. Amma in mutum ya zana kansa da hannunsa, halinsa ne ke fitowa ko bai so ba. Wani za ka ga ya cika ja, don zuciyarsa a kusa take. Wani shuɗi, don yana da sanyin hali. Mai jan layi a miƙe da ƙarfi daban, mai lanƙwasa shi a hankali daban. Wani ya yi fuskarsa da'ira, wani ya yi ta mai kusurwa kamar akwati. Sai dai fa ba doka ba ce, kowa da yadda..."

Ba ta kai ƙarshe ba Mai Layi ya miƙe da ƙyallena a wuya, rabin kansa a aske.

"Layi kika ce, Malama? To an zo gidana! A garin nan kaf wa ya kai ni jan layi? In aka haɗa layukan da na ja, sun zagaye duniya sun dawo sun sha ruwa."

Na ce, "Zauna in ƙarasa maka, kar ka zagaye duniya da rabin kai."

Ina! Ya karɓi biro daga hannun Malama ya shiga rubutu a tafin hannunsa yana karantawa da ƙarfi. "Ja, jarumta. Miƙaƙƙen layi, gaskiya. Kusurwa huɗu, namiji tsayayye. Lanƙwasasshen layi, munafunci."

"Ban ce munafunci ba," in ji Malama.

"Kin kusa faɗa, na taimaka miki." Ya juyo gare ni. "Kai Mai Aski, in ka zana kanka da'ira za ka yi, don aikinka ke nan, zagaye-zagaye a bayan mutane."

Na ce, "Gara ni. Kai naka aikin kowa taka shi yake yi."

Mai Walda ya bushe da dariya har yana dukan cinya. Wannan dariyar ce ta jawo komai. Mai Layi ya murza gashin baki ya ce zai zana kansa yadda ko makaho ya shafa zai ce shi ne. Ni kuma shaiɗan ya zuga ni, na ce in har mutum uku da ba a gaya musu ba suka kalli zanen suka kira sunansa kafin a tashi daga taron, na yarda ya aske mini gemu a gaban jama'a. In ba a samu ba fa?

Ya shafa gashin bakinsa. Ya san inda na dosa.

"Gashin bakin," na ce.

"Na yarda! Malama ke shaida, Mai Walda kai shaida."

Malama ta ce ita dai sanarwa ta zo liƙawa, ta tattara jakarta ta fita tana girgiza kai.

Washegari ya zo aron madubi. Na ba shi ƙaramin da nake nuna wa mutane ƙeyarsu, mai bakin roba, na ja masa kunne a kai. Da yamma na leƙa gidansa in ga inda aka kwana. Na tarar da shi a falo, ya baza takarda a kan tebur, ya jingina madubina da kwalbar ruwa, a hannunsa kuma buroshin aikinsa mai faɗin tafin hannu. Ya kalli madubi, ya tsoma buroshi, ya ja sau ɗaya. Takardar gaba ɗaya ta koma rawaya.

"Wannan hancin ne ko dukkanka ne?" na tambaye shi.

"Takardar ce ta yi wa halina ƙanƙanta."

"Ka sayi ƙaramin buroshi mana."

"Ni? In riƙe abin da mata ke sa kwalli da shi? Allah ya sawwaƙe."

Ya lalata takarda goma sha ɗaya a gabana. Ta goma sha biyun ma ba takarda ba ce, kalandar Uwargida ce, matarsa, ya ciro daga bango ya juya bayanta.

Kwana uku bayan nan Mai Walda ya shigo shagona yana haki, ya ce in bar abin da nake yi in zo in ga ikon Allah. Muka tafi. Ashe Mai Layi ya gano cewa babu allo mai faɗi a gidan kamar ƙyauren wadirob ɗin matarsa, ita kuma ta tafi duba ƙanwarta da ta haihu. Ya kuma gano cewa fentin titi fari ne da rawaya kawai, ga shi jarumta ja take so. Sai ya karɓo jan fentin ƙarfe daga wurin Mai Walda ya juye a cikin nasa. Fentin biyu ba sa ga maciji. Suka tsinke suka yi gudaji, launin ya koma na tsatsa, warin kuma sai da ya kori ƙudajen layin gaba ɗaya.

Abu na biyu, mutumin nan shekara talatin yana fenti a ƙasa, bai taɓa fenti a tsaye ba. A kan kwalta duk yawan da ka zuba nan zai zauna. A jikin wadirob kuwa sai ya kama hanya. Idanu suka zubo kan kumatu, kumatu suka zubo kan haɓa, haɓa ta gangara ta shige ta ƙasan ƙyaure.

"To, ku faɗi gaskiya," in ji shi, ya ja baya ya riƙe ƙugu. "Wa kuka gani?"

Mai Walda ya karkata kai. "Kyandir ne da ya narke?"

Na ce, "A'a, mutum ne. Mutumin da aka aske wa gashin baki yana kuka."

"Hassada! Wannan hawayen jarumta ne. Ku jira ya bushe."

Ana cikin haka Uwargida ta yi sallama. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi wadirob, ta dubi mijinta, ta ajiye jaka a hankali. Ta je ta buɗe ƙyauren. Jarumtar ta bi ta ƙasa ta taru a kan takalmanta na fita, ta kuma ɗiga a kan mayafai biyu da ke ninke.

"Baban yara," ta ce, muryarta a sanyaye, irin sanyin da ya sa ni da Mai Walda muka fara neman ƙofa da ido. "Wannan mene ne?"

"Ni ne."

"Kai ne a cikin takalmina?"

"Ki fahimta, launi yana nuna hali. Malama ce ta faɗa."

"To ai kuwa ya nuna. Ga shi ya shiga inda ba a gayyace shi ba, ya ɓata abin da ba nasa ba, yana kuma wari yana cewa shi jarumi ne."

Muka zame muka bar su. Har mun kai bakin titi muna jin sa yana yi mata bayanin kusurwa huɗu.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Shi kuwa cewa ya yi ya gano kuskuren, laifin tsayuwa ne. Ya kwance ƙyauren daga jikin wadirob, tunda dai ya riga ya lalace, ya juya bayansa ya kwantar da shi a tsakiyar falo. Ya koma wa farinsa da rawayansa, wai ya sake tunani, rawaya ma jarumta ce, don ita ke tsayawa a bakin hanya ba ta tsoron mota. Sannan ya yi abin da yake yi kullum kafin ya ja layi. Ya kafa ƙusa a nan ya kafa a can, ya ɗaura igiya mai garin alli, ya ja ya sake, ta bar masa miƙaƙƙiyar alama. Ƙusoshin na kankare ne, ƙyauren kuma siriri. Ƙusa goma sha shida ya buga, kowace ta huda katako ta shige daɓen falo ta zauna daram.

Ran Alhamis, saura kwana biyu, ya kira mu mu taya shi ɗauka. Mu huɗu ne har da mai kantin unguwa. Muka kama, shiru. Muka sake kamawa, ko gezau.

"Halina ne ke da nauyi," in ji Mai Layi. "Ku sa ƙarfi. Ɗaya, biyu..."

A na uku katakon ya ce ƙaras! Ya tsage gida biyu. Rabin fuska ya taso a hannunmu, mai kanti ya tafi da baya ya zauna a cikin bokitin farin fenti, ɗaya rabin kuma ya tsaya a ƙasa yana kallon silin da ido ɗaya.

Ni ba wannan ya ɓata mini rai ba. Can gefe na hango madubina. Fenti ya fantsama a kansa, gwanin naku ya goge da tina, ruwan wanke fenti, tina kuma ta narkar da robar bakin, ta lanƙwashe ta manne da hannun kujera. Raina ya ɓaci ƙwarai, don madubin nan da shi na buɗe shago.

"Amanar ke nan, mutumina?"

"Ai gara da ya narke. Madubin nan ƙarya yake yi, kullum sai ya nuna mini kunnen dama a hagu."

Uwargida ta fito daga kicin da tsintsiya a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi gidan nan ya yi wa ita da bokitan fenti kaɗan, ya zaɓa. Kafin magariba bokitai suna shagon Mai Walda.

Ran Juma'a na wasa rezata a bakin shago inda zai gani in ya wuce. Ya wuce ɗin, ya tsaya, ya murza gashin baki.

"Wasa da kyau, gemunka yana da tauri. Na gano inda aka yi mini asiri, Mai Aski. Hannuna ƙasa ya sani, kuma fili yake so. Gobe ka zo da wuri."

Ranar Asabar tun da hantsi na isa ɗakin karatu da jakar kayan aikina. Ginin bene ne mai hawa ɗaya, a gabansa akwai fili mai faɗi da aka yi wa sabon daɓen siminti, ƙofar shiga kuma tana fuskantar titi. Na tarar da Mai Layi a tsakiyar fili yana naɗe igiya. Tun da gari ya waye yake nan, kafin mai gadi ya gama karin kumallo ya gama aikinsa.

Ya ja ni zuwa barandar bene ya ce in duba ƙasa. Wallahi na ɗan ji tsoro a kan gemuna, don layukan sun miƙe ba ko ɗigo. Fuska ce ta cika fili daga bango zuwa bango, doguwa mai kusurwa huɗu, da rawayan layi. Idanu biyu, kowane akwati ne fari mai tsawon taku biyar. Goshi an raba shi gida uku, wai tunani mai tsari. Hanci kibiya ce babba tana nuna sama, wai mutum mai sanin inda ya dosa. Haƙora kuwa farare ne a jere, da rata tsakaninsu, tun daga wannan kumatu har wancan. Tsakanin hanci da haƙora ga gashin baki, baƙi ƙirin, shimfiɗe a miƙe yana ƙyalli.

"Ina ka samo baƙin?"

"Wurin Mai Walda. Wanda yake shafa wa ƙofofin ƙarfe."

"Naka gashin bakin a murɗe yake. Me ya sa ka miƙar da na zanen? Ko naka munafuki ne?"

Ya yi tari. "Nawa murɗewar ado ce. Zuciyarsa a miƙe take."

"Ka nemi izini kuwa?"

"Shekara talatin ina fenti a ƙasar hukuma, wa ya taɓa tambayata takarda?"

Ya duba agogo, ya sauka ya kwashe robobin tare hanya da ya jera a bakin ƙofa. Fentin titi minti goma yake yi ya bushe, haka hannunsa ya saba, haka ya lissafa. Bai san fentin ƙofa yini guda yake nema ba. Ya shiga bayan gini ya sako fararen kaya da ya zo da su a leda, ya shafa wa gashin baki mai, ya hau baranda ya tsaya yana jiran a zo a gane shi.

Mota ta farko ta mai kemis ce. Ya shigo ta haɓa, ya rage gudu a kan haƙora kamar yadda doka ta ce, ya taka gashin baki, ya bi kibiya, ya juya sitiyari ya shige cikin idon hagu ya kashe mota. Ya fito ya duba tayoyinsa, ya ga sun zauna daidai cikin layi, ya gyaɗa kai don jin daɗi.

Mai Layi ya riƙe ƙarfen baranda. "Me... me yake yi?"

Kafin in ba shi amsa shugaban makarantar firamare ya shige idon dama. Masu babur uku suka jeru a kumatu. Wasu mata da suka zo a ƙasa suka tsaya, suka duba dama suka duba hagu, suka tsallaka ta kan haƙora a natse. Kowace taya da ta wuce sai ta ɗebi rabonta na gashin baki ta ja shi sama, baƙaƙen sawu suka bi hanci suka bazu a goshi.

"Ku fita daga idona!" Mai Layi ya kwarma ihu ya dira daga matakala bibbiyu. "Malam, ka fitar da motarka daga idona!"

Mai kemis ya dube shi da tausayi. "Wani abu ne ya faɗa maka a ido? Zo in duba."

Sai ga Malamar Zane a 'yar ƙaramar motarta. Ita ma ta bi kibiya ta samu gurbi a tsakiyar goshi. Ta fito fuskarta cike da fara'a.

"Kai, madalla! Wata shida ina roƙon a yi mana wurin ajiye motoci. Wane ɗan albarka ne ya yi?"

Mai Walda, wanda ya iso a lokacin, dariya ta kayar da shi a kan matakala.

Mai Layi bai karaya ba. Ya shiga tare mutane ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu ƙasa.

"Baba, don Allah dubi nan da kyau. Me ka gani?"

"Wurin fakin, ɗana."

"Hajiya, ke fa? Dubi girman, dubi kwarjinin. Bai tuna miki da kowa ba?"

"Ya tuna mini da tashar mota."

"Ba a ba da satar amsa!" na ɗaga murya daga sama.

Ya hango wata motar kaya tana shirin shigowa, ya ruga ya tsaya a kan abin da ya rage na gashin baki ya ware hannuwa don ya kare shi. Takalminsa ya zame. Ya tafi sama ya dawo ya zauna daɓas a tsakiyar fentin, ya yunƙura zai tashi ya sake zamewa, ya kwanta rigingine. Da aka ɗaga shi, gaban kayansa fari, bayansa baƙi, kuma rabin gashin bakin zanen ya tashi tare da shi. Daga cikin zaure kuma mai shara ta fito tana salati, wai wa ya koya wa mutanen unguwar nan shiga ɗakin karatu da kwalta a ƙafa.

Uwargida tana tsaye a inuwa tana kallon komai. Ya je gabanta, muryarsa ta yi ƙasa.

"Maman yara, ke dai kin san ni. Faɗa musu wa kika gani."

"An gaya mini, ban shiga lissafi ba," ta ce. "Kuma ni duk inda na duba wadirob ɗina nake gani."

Zuwa azahar kowa ya san labarin. An zagaya zane-zanen da ke zaure, an yaba, an fito, amma ba wanda ya tafi gida. Aka fito da kujera aka ajiye a kan matakala. Mai Layi ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle, na kaɗa kumfa. Na ɗauki reza na tsaya. Shekara ashirin da biyu ina jiran wannan rana, da ta zo kuma sai tausayinsa ya kama ni, don na ga yadda ya ƙura wa ƙasa ido bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba.

Na sunkuya na raɗa masa, "Mutumina, bar shi. In ce musu reza ta dakushe."

Ya ɗago ya harare ni. "Ni na ja layin nan da bakina. Ka taɓa ganin layina ya lanƙwasa? Aske."

Na aske. Shafa huɗu, abin da aka yi shekara talatin ana kiwo ya zube a kan ƙyalle. Wurin ya fito fari fat, leɓen sama dogo, bakin kuma ashe faɗinsa ya wuce yadda muke zato. Jama'a suka zuba ido. Uwargida ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Mai shara ta ce a janye motoci za ta wanke fili, aka janye. Malamar Zane ta hau bene don ta rufe tagogi, sai muka ji ta daga baranda.

"Jama'a, ku hau ku gani!"

Aka yi rububin hawa, baranda ta cika. Fili ya koma fayau. Gashin bakin zanen babu shi, tayoyi da bayan riga sun kwashe, saura dogon leɓe da faffaɗan baki cike da haƙora. Mai Layi kuwa ya sauka ya tsaya shi kaɗai a gefen haɓa, ya ɗaga kai yana kallonmu, baki a buɗe. Mutane suka dubi zanen, suka dube shi.

"Kai! Wallahi Mai Layi ne!" in ji mai kemis.

"Mai Layi ne sak!" in ji shugaban makaranta.

"Mai Layi ne har haƙoran!" wata mata ta ce, ta fashe da dariya.

Malama ta gyara tabarau. "Ku duba, babu layi ko ɗaya da ya lanƙwasa, mutum ne da in ya faɗa ya faɗa. Fari da rawaya, launin da ake gani daga nesa, yana son a gan shi. Baki ya cinye rabin fuska." Ta ƙara dubawa. "Amma Malam, ba ka yi wa kanka kunne ba."

"Ai shi ya sa ya yi kama da shi," in ji Uwargida.

Baranda ta kaure da dariya, ni ma har da hawaye. Ina cikin share ido na ji an kira ni daga ƙasa. Mai Layi ne, ya ɗaga yatsu uku sama, murmushinsa ya kai daga wannan kumatu zuwa wancan.

"Malama, an tashi daga taron?"

Ta duba agogo. "Saura minti ashirin."

"Mutum nawa suka kira sunana?"

Na ce, "Ai an gaya musu! Kowa ya ji labari!"

"Labari suka ji, ba su yarda ba. Yanzu da idonsu suka gani," in ji Mai Walda, munafukin Allah, har ya riga ya juya kujera yana kakkaɓe mini ita. "Ni shaida ne."

Na nemi hanyar sauka ta baya, babu. Aka zaunar da ni, aka ɗaura mini ƙyallena da na wanke da kaina. Mai Layi ya ɗauki rezata, ya ja baya taku biyu, ya rufe ido ɗaya yana auna fuskata yadda yake auna sabuwar kwalta.

"Ka taɓa riƙe reza kuwa?" na tambaye shi.

"Ni? A garin nan kaf wa ya kai ni..."

"Na ji, na ji. Don Allah a hankali."

Ya ɗora reza a ƙasan leɓena ya ja sau ɗaya har maƙogwaro. Fari, a miƙe, daidai tsakiya, gemu rabi a dama rabi a hagu. Ya ninke rezar ya sa mini a aljihu.

"Ƙarasa mana!" na ce.

"Ni layin tsakiya aka ɗauke ni in ja," in ji shi. "Gefen hanya aikin wasu ne."